Me Ya Sa Hoton Ƙwaro Ke Fitowa Dishi-dishi Idan An Matsa Kusa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare a Funtuwa. Hotunan ƙwari da kwaɗi da ke cikin littattafanmu yawanci na ƙasashen waje ne, shi ne na ce bari in riƙa ɗaukar namu na gida ina nuna wa ɗalibai. To amma duk sanda na kanga wayata kusa da fara ko mazari sai shi ya fito dishi-dishi, ganyen da ke bayansa kuma ya fito tar. Na kwaɗi da daddare kuwa ba a magana, fari fat sai ƙyalli. Wayar ce ba ta da kyau, ko kuwa sai na sayi babbar kyamara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri kan wannan niyya. Kada ka kai kuɗinka kasuwa tukuna, domin abin da ka bayyana yana samun mai kyamarar miliyoyi kamar yadda yake samun mai waya.

Ɗaga yatsanka ka riƙa matso da shi zuwa hancinka. Akwai inda za ka kai idonka ya daina ganin zanen fatar, komai ƙoƙarinka. Gilashin kyamara ma yana da irin wannan iyaka, kuma a babban idon yawancin wayoyi tana wajen santimita 10. Da ka ƙetare ta, wayar ta kasa saita farar, sai ta kama abin da take iya kamawa, wato ganyen nan na baya. Maganin shi ne ka ja baya sannu-sannu har farar ta fito tar, sannan ka zuƙo ta ninki biyu, ko ka yanke gefunan hoton daga baya. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa suna da wani ɗan ido na daban da aka ce na makiro ne, wato na ɗaukar kusa-kusa, mai megafiksel 2, saitinsa a kafe wajen santimita 4. A ganina wannan ado ne kawai; hoton babban idon da aka yanke yakan fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Manyan wayoyi daban ne. Tun daga iPhone 13 Pro ta 2021, alal misali, ana iya matsawa har santimita 2. In taka ba irin wannan ba ce, ɗan gilashin makiro da ake maƙala wa waya, mai matsi kamar abin shanyar kaya, zai kai ka kusa da kuɗi kaɗan.

Sai dai matsawa kusan ita ke haifar da babbar matsalar, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Duk hoto yana da wani yanki da ke fitowa tar, abin da ke gabansa da bayansa su dushe. A hoton biki yankin nan yana da kauri, amarya da ƙawayenta duka su shige ciki. Kana matsowa yana sirancewa. Masu wannan sana'a suna cewa hoto ya kai makiro na gaskiya idan siffar da ta faɗa kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ta yi daidai da girman abin a zahiri. Shi ake rubutawa 1:1. Ƙudan zuma mai tsawon milimita 12 zai ci milimita 12 a sensar babbar kyamara mai faɗin milimita 36, sulusinta ke nan. A wannan kusancin, ko an tsuke ƙofar hasken gilashin sosai (ma'aunin da ake rubutawa f/11) don a ƙara masa kauri, kaurin yankin bai wuce milimita ɗaya da ɗoriya ba. Tsinken ashana ya fi shi kauri. Numfashinka kaɗai yana kai ka gaba da baya fiye da haka, balle iska ta kaɗa karan da ƙwaron yake kai. A nan waya ta ɗan fi babbar kyamara sauƙi, don ƙanƙantar sensarta na ba ta yanki mai ɗan kauri, amma ita ma in ka maƙala mata gilashi za ka ga ido ya fito, fiffike ya ɓace.

Don haka kada ka bar wa waya aikin neman saiti. Danna yatsa a kan fuskarta ka riƙe har saitin ya kulle, sannan kai ka zama mai saitin: ka riƙa matsawa gaba kaɗan, baya kaɗan, da jikinka duka, kana ɗauka a jere lokacin da idon ƙwaron ya fito. Ido shi ne hoto. In ya fito tar, mai kallo zai yafe dushewar ƙafa. In bai fito ba, hoton ya tashi aiki. Ka kuma daidaita bayan wayar da tsawon jikinsa. Fara da ka ɗauka ta gefe, kai da ciki da cinya duk suna layi ɗaya, sai su shige siririn yankin tare. In ka ɗauke ta ta gaba, fuska kawai za ka samu. Wata dabara da nake amfani da ita kullum: in kama karan da ƙwaron yake kai da hannun hagu a hankali, in ɗora hannun da ke riƙe da kyamara a kan wuyan hannun hagun. Ko na motsa, ni da karan tare muke motsi. Kuma kada ka ji haushin zubar da hotuna. In cikin talatin ka tsira da biyu, ranar ta yi kyau.

Sai haske. Idan ya yi ƙaranci, waya tana barin idonta a buɗe na ɗan tsawon lokaci don ta tara shi, kuma duk motsin da aka yi a wannan tsakanin yana zama shafe-shafe a hoto. Rana tsaka kuma tana da nata aibin: bayan buzuzu ya yi ta walƙiya, ƙarƙashinsa baƙi ƙirin. Hasken hantsi da na ranar da gari ya yi lumshi sun fi. Farar takarda da ɗalibi zai riƙe ta gefen inuwa tana mayar da haske inda ya yi duhu.

Farin da kwaɗinka ke yi kuwa dalili biyu ne suka haɗu. Wayar ta ga duhu ya mamaye ko'ina, sai ta ƙara haske don ta gyara, kwaɗon da tocila ta riga ta haska ya ƙone. Fatarsa kuma jiƙaƙƙiya ce, ɗan ƙaramin haske mai kaifi irin na filashar waya yana dawowa daga kanta kamar daga madubi. Kashe filashar wayar gaba ɗaya. Sami tocila daban, ka rufe bakinta da farin hankici, ko ka cusa ta cikin farar roba mai shara-shara, wani ya riƙe maka ta gefe, sama kaɗan, kusa da kwaɗon. Gwargwadon faɗin abin da hasken ke fitowa daga gare shi, gwargwadon laushinsa. Sannan ka taɓa kwaɗon a fuskar wayar ka ja alamar rana da za ta fito a wurin, wadda ake rage haske da ita, ƙasa har launinsa ya dawo. Ka durƙusa ka kai wayar daidai idonsa. Kwaɗon da aka ɗauka daga tsaye curin laka kawai yake zama.

Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi a farkon damina shi ne darensu. Mazan ne ke kuka a bakin kududdufi suna kiran mata. Da ka matso za su yi tsit. Ka tsaya cik, ka kau da tocilar, ba da daɗewa ba za su ci gaba, a nan za ka samu hoton maƙogwaro a kumbure kamar balan-balan. In ka riƙe tocila kusa da idonka, idanun burduddugi za su ƙyalla maka daga cikin ruwa. Ka duba jikin ciyayi masu tsayi ma, akwai 'yan mitsi-mitsin kwaɗin kan ciyawa, dangin Hyperolius, da ba su kai tsawon babban yatsa ba. Wani nau'insu na dajin Afirka ta Yamma, 'ya'yansa kan shafe rani a manne jikin kara cikin rana, fatarsu ta koma fara kamar alli don ta mayar da zafi. Kada ka kama kwaɗo da hannun da ka shafa wa maganin sauro ko man shafawa, domin ta fata yake shan ruwa, ta nan kuma yake wani ɓangare na numfashinsa. Kuma Malam, don Allah takalmi rufaffe, a haska ƙasa kafin a durƙusa. Inda kwaɗi suka taru macizai ma suna zuwa cin kasuwa, kububuwa kuwa da dare take yawo. Ba banza aka kafa cibiyar jinyar saran maciji a Kaltungo ba.

Ƙwari ba su da ɗumin jiki na kansu kamar mu, rana suke jira. Da sassafe, musamman bayan ruwan dare ko a sanyin hunturu, za ka tarar da mazari da malam-buɗe-littafi a sandare jikin ciyawa, wani lokaci da raɓa a fiffike, ga iska ba ta taso ba. Wanda zai tsere maka da azahar, a wannan lokacin har hancinsa za ka kai. Da rana kuma kada ka bi mazari da gudu. Yana da tsinken da ya zaɓa, in ya tashi farauta can yake dawowa. Ka saita a kan tsinken ka jira. Ƙoƙi-ƙoƙi shi ya fi kowa haƙuri da mai hoto, har juyo kai yake yi ya kalle ka. Kada inuwarka ta faɗa kansu, don abin da ya zo musu ta sama tsuntsu ne a wurinsu. Akwai masu sa ƙwaro a firji don ya daskare, ko su ɗaure kwaɗo da zare su ɗora masa ganye kamar lema. Ban yarda da wannan ba, kuma a wurin malami ya fi muni, tun da abin da zai nuna wa yara ba halin dabbar ba ne.

In daga baya ka ga kana son kyamara, ta hannu mai canza gilashi ta isa. Zoben ƙarin tsawo da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, ko zoben da ke juya gilashin baibai, suna kai ka makiro ba tare da ka sayi gilashinsa na musamman irin na milimita 90 ko 100 ba. Abin da ba ya da makawa shi ne filasha ta gaskiya da abin tausasa ta, domin a 1:1 hasken da ke isa sensa yana komawa rubu'i, walƙiyarta kuma gajeruwa ce ƙwarai, tana tsayar da motsi. Gilashin da aka juya cikinsa a waje yake, ka kiyaye shi da ƙurar hunturu. Hotunan da kake gani a intanet, ƙwaro tar daga gashin baki har wutsiya, yawanci ba hoto ɗaya ba ne: da yawa ake ɗauka, kowanne da inda ya saita, kwamfuta ta haɗe su. Levon Biss na Ingila, a baje kolin da ya yi a gidan adana kayan halittu na Jami'ar Oxford a 2016, kowane ƙwaro sai da ya haɗa masa hotuna wajen 8,000, kuma matattu ne na ajiya. Kada ka auna naka da su.

Inda zan ce ka fara shi ne gindin tumfafiya, wadda ba a rasa ta a kangon bayan makaranta. Wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro, bakin fiffikensa baƙi da ɗigon fari, Danaus chrysippus, a kanta yake rayuwa. Yana ajiye ƙwai ɗai-ɗai a ƙarƙashin ganye, tsutsarsa mai zoben baƙi da fari da rawaya tana cin ganyen, sannan ta rataye ta zama ɗan ƙunshi kore mai ɗigon zinariya kafin ya fito. Matakan nan huɗu da kake zanawa a allo duk za ka same su a tsiro ɗaya. Namu na Afirka ta Yamma fukafukansa na baya farare ne, ba kamar na Indiya da ake yawan bugawa ba, ka ga ga abin tambayar ɗalibai. Farar tumfafiya ma tana nan, ba ta da saurin tashi, don dafin da ta tara daga ganyen ya sa masu cin fara ba su damunta. A kowane abu ka ɗauki hoto ɗaya da rula a gefensa, ka rubuta wuri da kwanan wata. Wanda ba ka gane ba ka ɗora shi a manhajar iNaturalist, masana za su taya ka sunansa. Ganyen kuma a ɗaga shi da tsinke, kada a tsinke shi, ka gargaɗi yara tun kafin a fita: farin ruwan tumfafiya in ya shiga ido yana yi masa illa sosai.