Kun Tambaya, Mun Amsa: Ginin TETFund ya tashi, to wa zai sayi man janareto?

Wasiƙun wannan mako kusan duk kan manyan makarantu suka taru, don haka muka zaɓi huɗu daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗiyata na karatu a wata kwaleji ta jiha. Ko'ina ka waiga sabon gini ne da allon TETFund, amma ɗakin gwaje-gwaje kullum a kulle, ba wuta, malamai kuma na kukan haƙƙinsu. In dai kuɗi na shigowa haka, me ya hana a biya malamai da su? Daga wani uba a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Doka ce ta hana. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ya samo asali ne daga dokar harajin ilimi ta 1993, bayan fafutukar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, sannan a 2011 aka sake masa fasali ya koma na manyan makarantun gwamnati kaɗai. Kuɗinsa daga ribar kamfanoni ake yanko su: kashi 2 cikin 100 da farko, ya koma biyu da rabi a 2021, ya kai 3 a 2023. Wajen rabo, jami'o'i na ɗaukar rabi, kwalejojin kimiyya da fasaha rubu'i, kwalejojin ilimi rubu'i. Abin da aka yarda a yi da su a ƙayyade yake: gini, kayan koyarwa, littattafai, bincike, da tura malamai ƙaro karatu. Albashi ba ya ciki. Kuɗin wuta, man janareto, shara da gyaran famfo duk suna wuyan mai makarantar. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kwalejin ilimi ta Gidan Madi na tarayya ne, Abuja ke biyansu. Jami'ar Jihar Sakkwato, Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi kuwa kasafin jiha suke jira.

A nan gizo ke saƙa. A ce an kawo kwamfuta ɗari an jera a sabon ɗaki. A watan Afrilu zafin Sakkwato na haura digiri 40, ɗakin ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya wuri, ita kuma sai da wuta. In an sa sola, ƙurar hunturu na rufe farantan, ƙarfinsu ya ragu in ba a goge su, zafi kuma na cinye batura kafin lokacinsu. Sinadaran gwaji da ke son firji su lalace cikin 'yan kwanaki. Duk wannan kuɗin yau da gobe ne, kuma shi ne abin da kwalejoji ba su da shi. Sai mai kula da ɗakin ya ga gara ya sa kwaɗo ya kulle da a ce kaya sun lalace a hannunsa.

Shi ma ginin ba a miƙa kuɗinsa a dunƙule. Ana aiko wa makaranta takardar kasonta na shekara, ta tura zanen gini da lissafin kayan aiki, a ba ta amincewar farko, ta tallata kwangila bisa dokar sayen kayan gwamnati. Daga nan a saki kashi 50, sai 35 bayan an zo an duba aikin, sai 15 na ƙarshe in an kammala. Kwangilar sayo kaya kuwa 85 ne sannan 15. Inda aka fi tuntuɓe wuri biyu ne. Ko dai makaranta ta kasa kawo bayanin yadda ta kashe kason farko, sai na biyu ya maƙale, ko kuma a ɗauki watanni ana takardu har farashin siminti da rodi ya tsere wa lissafin da aka amince da shi. Ɗan kwangila ya kai gini linta ya kwashe leburorinsa. Ginin da Baba zai gani ba rufi, ciyawa ta fito a tsakiyarsa, galibi labarinsa ke nan. Ba kowane lokaci ne sata ba, ko da yake ita ma ba a rasa ta.

TAMBAYA: Muna da kwalejin kiwon lafiya mai zaman kanta, ɗalibai sun ragu. Za mu iya neman wannan tallafi? Daga wani malami a Tambuwal.

AMSA: A'a, Malam. Asusun na makarantun gwamnatin tarayya da na jihohi ne. Ko ta gwamnati ce ma, sai an kafa ta da doka, hukumar da ke kula da irinta (NUC ta jami'o'i, NBTE ta kwalejojin fasaha ko NCCE ta kwalejojin ilimi) ta amince da ita, tana da ɗalibai, tana kuma zaune a mazauninta na dindindin. Duk wanda ya ce ku ba shi wani abu zai shigar da sunanku, ku riƙe aljihunku.

TAMBAYA: An ƙara mana kuɗin makaranta. Na cike neman bashin NELFUND, asusun da ke ranta wa ɗalibai kuɗin karatu, amma shiru. Ina matsalar take, kuma akwai ruwa a ciki? Daga wata ɗaliba a Runjin Sambo.

AMSA: Babu ruwa, Malama, abin da aka ranta shi za a mayar. An sa hannu a dokar da ake aiki da ita a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Kuɗin makaranta asusun makarantar ake turawa kai tsaye, na kashewa kuma naira 20,000 ne a wata zuwa asusunki. Biya na farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Shirun da kika ji, fara bincikensa daga makarantarku. Sai ta ɗora sunayen ɗalibanta a rumbun bayanan NELFUND kafin a gane ki, don haka je ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta ki tambaya ko sunanki na ciki. Sannan ki jera takardunki a gabanki, NIN, BVN, lambar JAMB da takardar gurbin karatu, ki duba sunan harafi bayan harafi. A'isha a nan, Aishatu a can, ko ranar haihuwa ta sha bamban, ya isa ya tsayar da komai. Wanda kuma makaranta ta ɗauka ba ta hannun JAMB ba, sai ya daidaita wannan tukuna. In kin riga kin biya da kuɗinki sannan bashin ya iso, makaranta ce za ta mayar miki, saboda haka ki adana rasiɗinki ki rubuta takardar neman haƙƙinki zuwa ofishin kuɗi.

TAMBAYA: Ana ta cewa karatun NCE ya mutu. Kwalejojin ilimi za su rayu kuwa? Daga wani malamin firamare a Wurno.

AMSA: Bai mutu ba, Malam, har yanzu shi ne mafi ƙarancin shaidar da ake buƙata don koyarwa. Amma gaskiya ne masu zaɓensa a JAMB kaɗan ne ƙwarai, kowa digiri yake so, kuma kwalejin da ɗalibanta suka ragu kuɗin shigarta ya ragu. Shi ya sa dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya da suka cika sharaɗi damar ba da digiri tare da NCE. A Agustan 2025 kuma majalisar zartarwa ta tarayya ta dakatar da kafa sabbin manyan makarantunta har shekara bakwai. A ganinmu wannan daidai ne, ya ma makara: kowace sabuwar makaranta daga tukunya ɗaya take ci da tsofaffin.

Tukunyar kanta an sauya mata murhu. Dokar haraji ta 2025 ta haɗe harajin ilimi da wasu cikin haraji guda na kashi 4 cikin 100, rabinsa na TETFund, wani kaso na NELFUND. Ma'ana wani ɓangare na kuɗin zai riƙa bin ɗalibi ne zuwa inda ya zaɓa, kwalejin da ba ta da ɗalibai ba za ta gan shi ba. Alkawarin ceto na musamman kuwa, a tuna da yarjejeniyar gwamnati da ASUU ta 2013 ta naira tiriliyan 1.3 don farfaɗo da jami'o'i: an saki biliyan 200 na farko, rashin sakin mafi yawan sauran ya zama cikin dalilan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022.

In za ka kai ɗanka kwaleji bana, kada fenti ya ruɗe ka. Tambayi ko kwas ɗin da zai karanta yana da cikakkiyar amincewar hukuma ko ta wucin gadi, da shekarar da aka yi tantancewar ƙarshe. Ka kuma roƙi a buɗe maka ɗakin gwaje-gwaje, ka sa yatsa a kan teburin ka ga kaurin ƙurar.