Hukuncin canza lambar lasisin Windows da sayen mai araha

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu, na sayi laftof ta gwanjo. Bayan watanni sai rubutu ya fito a ƙasan allo yana neman a kunna Windows da lambar lasisi. Mai gyara ya ce ko ya sayo mini lamba mai araha a intanet, ko ya sa mini kirak, wato manhajar da ke kunna Windows ba tare da lasisi ba. Ƙanena kuma ya ce in ɗauki wadda makarantarsu ta ba shi. Ina da wata lambar a tsohuwar kwamfutata da ta mutu. Wanne ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya, domin da yawa ba sa ganin wannan a matsayin abin tambaya.

Shi kansa canza lambar babu laifi a cikinsa. Kamfanin Microsoft da kansa ya tanadi wurin da ake shigar da sabuwa, mai haruffa da alƙaluma 25. Hukuncin yana rataye ne a kan inda lambar ta fito da sharaɗin da aka bayar da ita a kai.

Manhaja dukiya ce, ko da ba a riƙe ta a hannu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a shekarar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta su ba. Kuma duk wanda ya danna yarda da sharuɗɗa lokacin ɗora manhaja ya ƙulla yarjejeniya, Allah kuwa ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Kasancewar mai kamfani ba Musulmi ba ne, ko yana da tarin dukiya, ba ya halatta haƙƙinsa.

Akwai wani bambanci da Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya yi a littafinsa Al-Furuƙ, wanda nake ganin ya warware mas'alarka. Ya raba tsakanin wanda aka mallaka wa amfanin abu, har yana iya miƙa shi ga wani, da wanda aka yi wa izini ya amfana shi kaɗai. Misalin na biyun shi ne ɗalibin da aka bai wa ɗaki a makarantar waƙafi: zai zauna, amma ba zai ba da hayarsa ba. Lambar ƙanenka irin ɗakin nan ce. An ba shi ita don yana ɗalibi, ba shi da ikon kyautar da ita, balle a yi kasuwanci da ita a shago.

Ta tsohuwar kwamfutarka kuma sai ka duba. In daban ka saye ta da kuɗinka, sharaɗinta ya yarda ka mayar da ita kan wata, muddin ba ta aiki a na'ura biyu lokaci guda. In kuwa tare da kwamfutar ta zo daga masana'anta, to a ɗaure take da wannan na'urar, ba ta ƙaura.

Lambobin nan masu arahar banza, galibi na kamfanoni da makarantu ne da aka sayar musu a dunƙule, wasu suka fitar suna sayarwa ɗai-ɗai ba da izini ba. Shi ya sa sukan yi aiki na ɗan lokaci sannan a toshe su. Kai ma da alama abin da ya same ka ke nan, domin irin kunnawar da ake yi wa ma'aikatu tana buƙatar sabuntawa cikin kwana 180. Wanda ya saya bai sani ba, ba shi da zunubi, laifin na kan wanda ya yaudare shi. Amma wanda ya ga farashin da hankali ba zai ɗauka ba ya runtse ido, ba shi da uzuri. Kirak kuwa fasa ƙofa ne kai tsaye, bai halatta ba, ga shi yakan shigo da manhajar leƙen asiri, kai kuma takardun mutane ne amana a hannunka.

Na san wasu malamai sun sassauta wa wanda ya kwafi manhaja don amfanin kansa kawai. Ko a wurinsu sassaucin bai kai ga mai neman kuɗi da ita ba. Kuma ban ga lalura a nan ba alhali akwai mafita.

Ka fara da wannan: tun daga Windows 8, yawancin kwamfutocin manyan kamfanoni suna zuwa da lambarsu a binne cikin na'urar. Sau da yawa an ɗora nau'in Windows da ake kira Pro ne a kan wadda lasisinta na nau'in Home ne. Ka sa mai gyara ya ɗora ainihin nau'inta, sai ta kunna kanta ba ka biya ko kwabo ba. In ba ta da shi, ka saya daga dillali amintacce, ko ka koma Ubuntu ko Linux Mint, masu maye gurbin Windows, tare da LibreOffice, manhajar rubuta takardu, waɗanda masu su suka bayar kyauta, kuma suna buga takarda lafiya lau.

Kuɗin da ka samu a baya da aikin hannunka halal ne, ladan wahalarka ne. Gyaran na'urar shi ne abin da ke kanka yanzu.

Wallahu a'alam.