Faifan da ya ƙi 745 amma ya karɓi 780

Jiya da la'asar ka tare ni da tambaya ana tsakiyar ciniki, na ce ka bari sai mun rufe shago, sai kuma aka kira magariba kowa ya kama gabansa. Ban manta ba, ɗana. Cewa ka yi hajiyar nan ta Unguwar Rimi ta kawo hotunan bikin 'yarta a filashi, folda ɗaya megabayit 745, ka sa faifan CD, kwamfuta ta ce babu wuri. Alhali shekaranjiya da idonka ka ga na buga bidiyon walima mai megabayit 780 a kan faifai daga kwali ɗaya, ya shige lafiya lau. Har ka fara tunanin ko an cakuɗa mana jabu a cikin kayan.

Faifan lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ma ba ta yi maka ƙarya ba. Na ji daɗin tambayar, domin yara da yawa sun yi shekaru suna danna maɓalli ba su taɓa tsayawa a nan ba.

Ɗauko faifai ɗaya cikin waɗanda muka buga rabi, ka juya cikinsa wajen hasken ƙofa, ka ɗan karkata shi. Za ka ga zobe a kusa da ramin tsakiya launinsa ya ɗan sauya, sauran zuwa baki yana nan yadda ya fito daga kamfani. Zoben nan shi ne inda wutar leza ta bi. Daga tsakiya take farawa ta yi waje, a kan layi guda ɗaya tak da aka naɗe, daidai yadda mata ke saƙa faifan rufe ƙwarya, a fara daga cibiya ana zagayawa har a kai baki. Da za a warware layin nan a miƙe shi, ya haura kilomita 5, duk a kan abin da faɗinsa santimita 12 ne. Tun a kamfani aka tsaga hanyar, aka kuma saka mata alamar lokaci, shi ya sa da ka tura sabon faifai injin yake sanin tsawonsa tun bai rubuta komai ba.

Lura da abin da na ce, alamar lokaci. Asalin faifan nan don sauti aka yi shi. Kamfanonin Philips da Sony ne suka tsara ƙa'idarsa a 1980, ya shiga kasuwa a 1982, irin wanda ake bugawa a shago kuwa, CD-R, sai a 1988 aka fitar da tasa ƙa'idar. Saboda haka ma'auninsa na gado minti ne, megabayit daga baya ya zo. Duba jikin kwalin: an rubuta 80 min, an rubuta 700MB. Lambar farko ce uwa.

Kowace daƙiƙa ɗaya ta layin an raba ta gurbi 75. Buga a wayarka: minti 80 sau 60 sau 75, zai ba ka 360,000. Wannan shi ne iyakar gurabun faifan, ko waƙa ka zuba, ko hoto, ko fim, ba ya ƙaruwa. Kowane gurbi kuma yana cin bayit 2,352. Inda aka bambanta shi ne nawa daga cikin 2,352 ɗin ake bar wa kayanka.

Ka sha ganin ana sauke kaya a bakin Kasuwar Gumi. Mota ɗaya ce, amma wadda ta ɗauko buhunan masara ana danƙare ta har sama, wadda ta ɗauko tangaran kuwa dole a ci wani wuri da kwali da ciyawa a tsakanin kayan, in ba haka ba a iso da tsingaro. Hotunan Hajiya tangaran ne. Fayil na kwamfuta, hoto ko takarda ko manhaja, bayit ɗaya ya kuskure yana iya ƙin buɗewa, ko hoto ya buɗe rabinsa toka-toka. Don haka in ka zaɓi faifan data, ana cire bayit 304 daga kowane gurbi a yi alamar gurbin, da lambarsa, da lissafin gano kuskure da gyara shi. Abin da ya rage maka 2,048 ne. Sau 360,000 ya zama bayit 737,280,000.

Sauti kuwa masara ne. Duk faifai yana da wani matakin gyaran kuskure a can ƙasa, wannan kowa na da shi, amma faifan sauti a nan ya tsaya, ba a ƙara masa na biyu ba. In ƙarzuwa ta fi ƙarfin gyaran, na'urar sai ta duba sautin da ke gaba da na baya ta cike tsakanin, kunne bai cika kamawa ba. Shi ya sa aka bar masa 2,352 ɗin gaba ɗaya, faifan ya ɗauki bayit 846,720,000. Bidiyon VCD, wanda ƙa'idarsa ta fito a 1993, yana kusa da haka: 2,324 a kowane gurbi, jimla 836,640,000. Idan an sami kuskure, hoton ya ɗan farfashe murabba'i-murabba'i na ƙiftawar ido ya wuce. Ka san wannan, ka gan shi a tsofaffin fayafayan da ake kawo mana.

Yanzu saura mudu. Mu a baki in an ce mega, miliyan ɗaya muke nufi. Windows kuwa da 1,024 take awo, megabayit ɗinta bayit 1,048,576 ne, mudunta ya fi namu zurfi. Raba lambobin nan uku da shi ka gani: faifan data ya ba ka 703, na VCD kusan 798, na sauti 807. To ga amsarka a fili. Bidiyon walima minti 78 ne, kuma VCD kusan megabayit 10 yake ci a minti, an tsara shi ne minti ɗaya na kallo ya ci minti ɗaya na faifai. 780 a cikin 798, akwai sauran wuri. Hotunan Hajiya 745 a cikin 703, babu dabarar da za ta shigar da su. Shi kansa bidiyon walimar, da a ce jan fayil ɗin na yi na jefa a faifan data kamar hoto, da ya ƙi shiga. Ni Video CD, wato VCD, na zaɓa a Nero, manhajar da muke buga faifai da ita, kai kuma Data ka zaɓa, kuma daidai ka yi, don hoto can ne wurinsa.

Tsofaffin fayafayan da ka ga an rubuta 650MB, masu minti 74 ne, gurbi 333,000, lissafin ɗaya ne. A DVD kuma masu kamfani da mudun dubu suka auna, shi ya sa kwali ke cewa 4.7GB kwamfuta ta nuna maka wajen 4.38. In mai kaya ya yi maka ƙorafi a kan wannan, ka yi masa bayani a natse, ba wanda ya ci masa komai.

Ko 703 ɗin ma kada ka ɗauka duka naka ne. Jerin sunayen fayiloli da foldodi yana cin nasa wurin. Sannan fayil ba ya raba gurbi da ɗan'uwansa, ko bayit 100 ne sai ya kama gurbi guda cur. Manyan fayiloli biyar ba za ka ji wannan ba, amma ɗaliban Poli da ke kawo ƙananan takardu dubbai, a nan za ka ga folda ta ce 698 faifai ya ce a'a.

Wanda ya fi cin wuri, kuma mutane ba su san da shi ba, shi ne bugu zango-zango. Akwai masu zuwa su ce a sa musu hoto ashirin yau, a bar faifan a buɗe, mako mai zuwa su kawo wasu. Ana yi, amma kowane zango sai an yi masa mabuɗi da marufi a jikin faifan. Na farko yana cin kusan megabayit 22, kowane na bayansa 13 da ɗoriya. Mutum ya zo sau goma, sama da 140 sun tafi ba tare da hoto ko ɗaya ba. Ka gaya masa tun farko ya tara kayansa a buga sau ɗaya a rufe. Ya fi masa araha, kuma rufaffen faifai ya fi karantuwa a na'urorin gida.

Na san abin da ke ranka, domin na ga ka buɗe wurin da aka rubuta overburn a cikin Nero. Wani ya gaya maka ana iya ɗura wa faifai fiye da abin da aka rubuta, kuma gaskiya ne. Bayan minti 80 akwai ɗan filin da aka ware wa marufi, na daƙiƙa 90, wani faifan ma layinsa ya ɗan zarce haka. In ka tilasta wa injin, zai ci gaba da rubutu a can har hanya ta ƙare. Ribar ba ta wuce 'yan megabayit ba, ba za ta taɓa kai 42 ɗin da kake nema wa Hajiya ba. Akwai kuma fayafayai masu minti 90 da 99, waɗanda aka matse layinsu fiye da ƙa'ida. Wasu injina na bugawa, wasu na'urori na karantawa, wasu kuma ko kusa.

Ni na daina wannan tun da daɗewa, kuma zan gaya maka dalili. Wani bawan Allah daga Rigasa ya taɓa kawo mini bidiyon aurensa, ya haura minti 80 da kaɗan. Na ce bari in sauƙaƙa masa kuɗin faifai na biyu, na tura shi har baki. Na gwada a kwamfutar shago ya yi tas. Bayan kwana biyu ya dawo da faifan a aljihun gaba. Ya tara 'yan'uwa a falo, an kalli ɗaurin aure, an kalli walima, daidai inda mahaifiyarsa ke sa wa amarya albarka, can ƙarshe, hoto ya tsaya cik. Bai ɗaga mini murya ba, cewa kawai ya yi, “Malam, wurin nan ne dama na fi so.” Allah Ya taimake ni ban goge asalin aikin ba, na raba masa biyu na ba shi kyauta. Amma maganar ta zauna mini har yau.

Ka tuna rubutu daga tsakiya yake farawa, saboda haka ƙarshen aiki kullum a bakin faifai yake sauka. Bakin nan kuwa shi yatsa ke kamawa, shi ke gogar tebur, shi ƙurar hunturu ke fara ci in an ajiye faifai babu gida. A bidiyon biki kuma abin da ke ƙarshe sau da yawa shi ne mai tsada a zuciyar mutane. Don haka a shagon nan, data kada ta wuce 690, sauti da VCD kada su wuce minti 78. Wannan ba ƙa'idar kamfani ba ce, tawa ce, kuma ina so ka riƙe ta.

Tunda muna kan jikin faifai, kada in sake ganin biro a kansa. Mutane na lallaɓa cikin faifai suna wasa da bayansa, alhali cikin yana da kaurin roba sama da milimita ɗaya, bayan da ake rubutu kuwa ɗan siririn shafe ne kawai tsakaninsa da inda aikin yake. Ka karce can, ka karce aikin kansa. Maka mai taushi za ka riƙa amfani da ita. Gudun bugu kuma, 52x ko 16x, ba ya ƙara wuri ba ya ragewa. Ni dai na fi natsuwa da 16x ga duk abin da za a kai gida a sa a tsohuwar na'ura.

Akwai tambayar da za ta zo maka kafin azumi, gara ka shirya mata. Mutum zai ce ya ga faifai ɗaya ɗauke da tafsirin wata guda, me ya sa kai ka ce masa minti 80 kawai? Wancan faifan data ne da aka zuba wa MP3, sauti ne da aka matse tun kafin ya hau faifai, saboda haka da 703 ake auna shi, ba da minti ba. A matsi na 128, wato kilobit 128 a kowace daƙiƙa, yana ɗaukar kusan awa 13. A 64, awa 25 da rabi. A 48, awa ɗaya tana cin bayit miliyan 21.6, zama talatin na awa ɗaya-ɗaya miliyan 648 ke nan, ya shiga har da saura. Muryar malami da mai jan baƙi tana fita sarai a haka, amma kiɗa kada ka sauko da shi ƙasa da 128, kunne zai ji. Kafin ka buga, ka tambayi mutum a me zai saurara. Tsohuwar rediyo mai faifai da ta wasu motoci ba su san MP3 ba, su sai faifan sauti zalla, minti 80 ɗinsu.

Hajiya ta ce da hantsi za ta aiko direba. Kada ka rage girman hotunan don su shiga, na biki ne, wata rana za a so a wanke su manya. Kira ta ka tambaya ko kwamfutarsu na karanta DVD. In tana yi, faifai ɗaya ya isa har da wuri mai yawa. In ba ta yi, raba foldar biyu a inda ya dace, kamu da ɗaurin aure a ɗaya, walima da kai amarya a ɗaya, ka rufe kowanne, ka danna tantancewa bayan bugu, sannan ka buɗe hoton ƙarshe na kowane faifai da idonka kafin ka sa shi a gida. Foldar kuma ka bar ta a kwamfuta mako guda, sai ta ce ta gani.