Tambaya da Amsa: Salula mai naɗewa za ta iya da ƙurar Maraɗi?

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Sabon Gari ya rubuto: "Assalamu alaikum. Ina son sayen salula mai naɗewa, irin wadda ake buɗewa kamar littafi. Bisa babur nake yini tsakanin shago da tasha, wani lokaci har Ɗan Isa. Abokaina sun ce ba ta ƙarko. Gaskiya ne?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Abokanka suna da gaskiya, amma bari mu nuna maka inda raunin yake. Yawan buɗewa da rufewa ba shi ne abin tsoro ba. Tun fitowar Galaxy Fold na farko a 2019, Samsung ya ce wayar tana jure naɗi 200,000, wato sau 100 kullum har shekara biyar. Sai dai inji ne ya yi wannan gwajin a ɗaki mai tsabta, babu yashi, babu rana.

Abin da ke cin wayar a nan shi ne ƙura. A tsakiyarta akwai gaɓar da ke naɗe ta, cike da ƙananan haƙoran ƙarfe, kuma dole a bar 'yar kafa don ta motsa. An sa siraran burushi a ciki masu share datti, amma ba sa tare komai. Ƙwayar yashi ɗaya idan ta wuce, za ka fara jin ƙaras-ƙaras wajen buɗewa, daga baya wayar ta daina miƙewa sosai. Idan kuma ta samu ta shige ƙarƙashin fuskar ciki, sai ka ga ɗan tudu ya taso. Duk rufewar da ka yi kana danna fuskar a kan wannan tsakuwar ne, har wata rana baƙin ɗigo ya fito ya yi ta yaɗuwa, ko layi ya tsaga tsakiyar fuskar daga sama har ƙasa.

Kafin ka biya kuɗi, duba lambar IP da ke cikin bayanin wayar. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Galaxy Z Fold3 na 2021 zuwa Fold5 duk IPX8 ne, kuma X ɗin nan na nufin ba a ba da tabbacin komai game da ƙura ba. Daga Fold6 na 2024 aka koma IP48. Lamba 4 tana tare abin da ya fi milimita ɗaya kauri ne kawai, ƙurar hunturu kuwa ta fi haka laushi nesa ba kusa ba. Lamba 6 ce ke nufin ƙura ba ta shiga, kuma sai a 2025 aka samu mai naɗewa da IP68, wato Pixel 10 Pro Fold na Google.

Sai zafi. Masu ƙera salula suna ba da shawarar a yi aiki da ita tsakanin digiri 0 da 35, alhali a Afrilu da Mayu muna haura 40. Mai naɗewa siririya ce, ba ta da jikin da za ta watsa zafi da sauri, don haka a rana takan rage haske ta rage gudu, batirin kuma ya tsufa da wuri. Ga mai yini bisa babur, shawararmu ita ce ka nemi waya ta gama-gari mai IP68. Idan zuciyarka ta kafe a kan mai naɗewa, ajiye ta a aljihu mai zif ita kaɗai, ka yi kira da saƙo a fuskar waje, ka bari sai ka shiga shago ka buɗe ta.

Wata hajiya daga Bagalam: "Ledar da ke kan fuskar ciki ta ɗago a daidai wurin naɗewa, iska ta shiga. In ɓare ta da kaina?"

Hajiya, kada ki sa mata farce. Gilashin da ke ƙarƙashin ledar nan kaurinsa kusan milimita 0.03 ne, bai kai silin gashi ba, kuma samansa roba ce mai laushi da farce ma ke yi wa tabo. A 2019 sai da aka ɗage sayar da Fold na farko daga Afrilu zuwa Satumba, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne wasu masu gwaji sun ɓare ledar, fuskar ta mutu. A wayoyin baya-bayan nan ana iya canza ledar, amma aikin mai gyara ne wanda ya saba.

Kuma kada ki bar ta haka. Bakin ledar da ya ɗago yana tara ƙura, ya yi tauri, ya riƙa gugar fuskar duk lokacin da kika rufe. Ki rage naɗe wayar har ki kai ta gyara. Ki tabbatar leda mai laushi ta irin wayarki aka sa, domin gilashin kariya mai tauri da ake liƙa wa sauran wayoyi ba ya lanƙwasuwa. Wajen goge fuskar, busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Shatin da kike gani a tsakiya kuwa halittar wayar ce, ba lalacewa ba ce.

Wani matashi daga Tibiri: "An kawo mini Galaxy Z Flip, irin wadda ake naɗewa daga sama zuwa ƙasa, ta hannu da araha. Me zan duba?"

Ɗan'uwa, araha a irin wannan wayar abin tuhuma ce, domin mutane da yawa sai sun ga alamar ciwo suke rabuwa da ita. Kada ka duba ta a tsaye cikin hayaniyar kasuwa. Zauna a inuwa, ka ba ta lokaci.

Fara da gaɓar. Buɗe wayar gaba ɗaya ka kafa idonka ta gefe, ka ga ko ta miƙe sambal. Wadda ta rage ɗan lanƙwaso, datti ya riga ya shiga ko ta taɓa faɗuwa. Kai ta kusa da kunne ka naɗe a hankali. Ƙarar yashi ko ƙas-ƙas dalili ne na fasa ciniki. Ka tsayar da ita rabi a buɗe bisa tebur, ya kamata ta tsaya da kanta.

Daga nan danna *#0*# a wurin kira. A yawancin wayoyin Samsung zai buɗe shafin gwaji. Taɓa ja, kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya, kana kallon layin tsakiya da kyau don neman ɗigo ko siririn layi. Shiga gwajin taɓawa ka ja yatsa ka ratsa shatin sau da yawa, domin nan ne taɓawa ke fara mutuwa. Sai ka kunna wani karatu ko bidiyo, ka riƙa buɗewa da rufewa yana tafiya. Idan sauti ya yanke, ko fuska ta yi ƙyaftawa, ko wayar ta mutu ta sake tashi, siraran wayoyin lantarkin da suka ratsa gaɓar suna haɗa ɓangarorin biyu sun fara karyewa. Wannan ciwon ba ya tsayawa inda yake.

Danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali idan akwai. Sa layinka na Airtel, Moov ko Zamani ka yi kira a nan take, saboda wasu wayoyin da ake kawowa daga Amurka a kulle suke ga kamfani ɗaya. Ka sa mai ita ya cire asusunsa na Google da na Samsung a gabanka.

Abu biyu da masu sayarwa ba sa faɗa. Z Flip wurin sim ɗaya gare ta, na biyun eSIM ne, wanda ba kati ba ne, sai kamfanin layi ya sa maka shi. Ga mai riƙe layin Nijar da na Najeriya wannan babbar matsala ce. Batirinta ma ƙarami ne, a ma'aunin ƙarfin batir na mAh: Flip3 3,300, Flip4 da Flip5 3,700, alhali waya mai sauƙin kuɗi takan zo da 5,000. Ga batirin ya riga ya yi shekaru, ga ɗaukewar wuta, sai ka haɗa da batirin ajiya a lissafinka.

Na ƙarshe, kafin ka biya, je wurin mai gyaran da ka yarda da shi ka tambaye shi kuɗin fuskar ciki ta wannan samfurin da kwana nawa za ta yi kafin ta iso. Galibi a haɗe take zuwa da gaɓar da firam ɗinta, shi ya sa kuɗinta kan kusanci abin da ka sayi wayar ta hannu.

Wani mai walda ya tambaya ko mai naɗewa za ta yi masa. Malam, a'a. Akwai maganaɗisu a gefunanta masu riƙe ta a rufe, kuma suna janyo garin ƙarfe kai tsaye zuwa fuskar da gaɓar.

Wata ɗaliba daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: "Karatu nake yi da takardun PDF. In haɗa kuɗi in sayi mai naɗewa, ko waya daban da tabilet daban?"

'Yar'uwa, raba su. Fuskar cikin Fold inci 7.6 ce a yawancin samfura, ta kai 8 a Fold7, kuma kusan murabba'i ce. Tana da daɗin karanta takarda da buɗe manhaja biyu gefe da gefe, wannan gaskiya ne, kuma shi ne amfaninta na ainihi ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke duba lissafi yana kan tafiya. Amma a bidiyo sama da ƙasa baƙi ne, hoton bai fi na babbar waya da yawa ba. Fold7 ya fito a kan dalar Amurka 1,999, ya haura miliyan ɗaya na sefa ke nan. Tecno Phantom V Fold na 2023 da Phantom V Fold2 na 2024 sun fi sauƙi, batirinsu ma ya fi girma, 5,000 da 5,750, sai dai laushin fuskar ciki duk ɗaya ne.

Tabilet irin Galaxy Tab A9+ kuwa inci 11 ce, da batir mai mAh 7,040 da wurin katin ajiya, abin da wayoyin Samsung masu naɗewa ba su da shi. Shafin PDF yana fitowa cikakke ba sai kin yi ta jawo shi ba. Kuɗinta da na waya mai kyau a haɗe ba su kai rabin na Fold ba, kuma ranar da ɗaya ta lalace ana tsakiyar jarrabawa, ɗayar tana hannunki. Ki nemi mai ƙwaƙwalwar aiki giga 8 idan hali ya yi, domin mai giga 4 tana nauyi idan an buɗe manyan takardu da yawa, kuma ki zaɓi mai karɓar sim idan babu Wi-Fi a inda kike kwana.