Hukuncin Aikin Binciken Gadon Hali

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma na samu gurbin ƙaro karatu a fannin da ke binciken yadda ƙwayoyin gado ke shafar hali, kamar saurin fushi, kaifin basira da jarabar shaye-shaye. Yayana ya ce wannan shisshigi ne cikin ƙaddara, kuma ƙarshensa a wanke mai laifi. Ya halatta in riƙe shi sana'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ya halatta, kuma da kyakkyawar niyya akwai lada. Allah Ya ce a Suratuz Zariyat, aya ta 21: "Kuma a cikin kawunanku, shin ba ku gani?"

Sunna ba ta musa gado ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya yi shakkar ɗansa don an haife shi baƙi. Annabi (SAW) ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye. Akwai mai ruwan toka a ciki? Ya ce akwai, wataƙila wata jijiya ce ta fizgo shi daga kakanni. Annabi (SAW) ya ce to ɗanka ma wataƙila haka ne. Wannan a launi ke nan. A hali kuwa, ya gaya wa sahabi Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais cewa yana da ɗabi'u biyu da Allah ke so, haƙuri da natsuwa. A ruwayar Abu Dawud, Ashajju ya tambaya ko shi ya koye su ko halitta ce, aka ce masa Allah ne Ya halicce shi a kansu.

Masu wannan fanni da tagwaye suka fi aiki. Tagwayen ƙwai ɗaya ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne, na ƙwai biyu kuwa sun yi tarayya a kimanin rabi, sai a kwatanta. Binciken da Thomas Bouchard ya fara a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1979, kan tagwayen da suka tashi a gidaje daban-daban, ya samu kamanni mai yawa a basira da ɗabi'a, amma bai same su mutum ɗaya ba. Wannan tazarar ce amsar yayanki. Gado karkata yake sawa, ba ya tilastawa. Ana cewa hali zanen dutse, amma Annabi (SAW) ya ce wanda ya nemi kamewa Allah zai kame shi, wanda ya dage da haƙuri Allah zai ba shi haƙuri. Mai saurin fushi jarrabawarsa ta fi nauyi, sai dai alƙalami bai sauka daga kansa ba matuƙar yana cikin hankalinsa.

Duk da haka ban ga laifin yayanki ba, don fannin yana da tabo. Francis Galton, masani ɗan Birtaniya wanda ya yi rubutu kan tagwaye tun 1875, shi ne ya raɗa wa aƙidar "tace iri", wato zaɓen waɗanda suka cancanci haihuwa don a gyara zuriyar mutane, suna a 1883, kuma da irinta Jamus ta kafa dokar hana wasu haihuwa da ƙarfi a 1933. A 2009 wata kotu a Italiya ta rage wa mai kisa shekara ɗaya saboda ƙwayoyin gadonsa. Haramun ne ki sa iliminki a fifita wata ƙabila kan wata, ko a yanke wa yaro hukunci tun bai yi komai ba, ko a zubar da ciki don zaɓen hali.

Sai amana. Kada ki ɗauki jini ko yawun kowa sai da yardarsa ko ta waliyyinsa, kuma ki rufe sirri. Wata rana gwaji zai iya nuna miki cewa yaro bai dace da wanda ake kira ubansa ba. Bakinki alaikum. Ɗa na mai shimfiɗa ne, wato mijin uwarsa, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka a 2002, ta hana dogaro da gwajin ƙwayoyin gado wajen kore nasabar da ta tabbata a shari'a.

Allah ne Mafi sani.