Amsa: Daga ina ruwan MMS ya samo asali?

Malam, ka tambayi asalin ruwan MMS (Miracle Mineral Solution, wanda ake tallatawa a matsayin magani) da aka kawo wa mahaifiyarka nan Sakkwato, wai ma'adini ne mai ƙara iskar oksijin a jini.

Wani Ba'amurke ne, Jim Humble, ya fito da shi, kuma ba likita ba ne, mai neman zinari ne. Shi da bakinsa ya ce a 1996, a dajin ƙasar Guyana da ke Kudancin Amurka, ya ɗiga wa abokan tafiyarsa maganin tsabtace ruwa, zazzaɓin cizon sauro ya sake su. Labarin ke nan, ba gwajin asibiti. A 2006 ya rubuta littafi, kasuwa ta buɗe.

Abin da ke cikin kwalbar kuwa sinadarin sodium chlorite ne. Da an ɗiga masa ruwan tsami sai ya yi rawaya, wari ya tashi, ya zama chlorine dioxide, wanda masana'antu ke mayar da takarda fara da shi. Oksijin dai ta huhu yake shiga, ba ta ciki ba. Tun 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi cewa yana jawo amai, gudawa da faɗuwar awon jini (kishiyar hawan jini). Masu talla kuma su ce wai datti ne ke fita.

Don Allah kar Hajiya ta sha. In zazzaɓi ne, a kai ta asibiti a auna jini.