Ba tsoro kaɗai ke riƙe da addini ba

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa addini ya game duniya haka, ko tsoro ne kawai ke sa mutane imani. Tsoro yana ciki, amma shi kaɗai ba zai ɗauki wannan kaya ba. Cibiyar bincike ta Pew ta ce a 2020 kusan kashi 76 cikin 100 na mutanen duniya suna da addinin da suke bi: Kiristoci biliyan 2.3, Musulmi biliyan 2, mabiya Hindu biliyan 1.2.

Tushen farko yana cikin halittar ɗan Adam. Ba a koya wa yaro tambayar "wa ya yi wannan?", da kansa yake yinta. Masana halayyar ɗan Adam sun lura zuciya na saurin neman mai aikatawa a bayan kowane motsi, tana kuma neman dalilin ruwan sama, rana da mutuwa. Musulunci ya kira wannan fiɗira, kamar yadda ya zo a aya ta 30 ta Suratur Rum. A nan wasu ke tuntuɓe, sai su ce tunda an gano yadda imani ke tsirowa a zuciya, to ƙarya ne. Sanin yadda ido ke gani bai nuna babu abin da ake gani ba.

Shi tsoron fa? Bayan girgizar ƙasar Christchurch ta 2011 a New Zealand, bincike ya nuna masu riƙo da addini sun ƙaru a yankin, alhali a sauran ƙasar raguwa suke yi. A Denmak da Suwidin kuwa, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin asibiti da tsofaffi har tsoron gobe ya ragu, majami'u sun yi ƙarancin jama'a.

Abin da na fi ba nauyi shi ne amana. Richard Sosis, masanin al'adun ɗan Adam, ya nazarci ƙungiyoyin zaman tarayya (masu zama wuri guda suna tarayya a dukiya da aiki) kusan 200 na Amurka a ƙarni na 19. Na addini sun fi daɗewa nesa ba kusa ba, kuma a cikinsu waɗanda suka fi ɗora wa mabiya nauyi, kamar azumi da barin giya, su suka fi ƙarko. Dalili a fili yake: ibada mai wahala ba ta yiwuwa ga mai cin bulus, don haka wanda ya jure mata ana iya ba shi amana. Abner Cohen, shi ma masanin al'adun ɗan Adam, ya ga irin wannan a Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan. Cinikin shanu da goro a kan bashi yake tafiya, maigida ya karɓi dukiyar bafatake, dillali ya sayar wa mahauta, kuɗi sai daga baya. Da Tijjaniyya ta bazu a unguwar a farkon shekarun 1950, zaman wazifa na kullum ya ƙara ɗaure waɗannan mutane wuri guda.

Sai gado. Yawancin mutane addinin gidansu suke tashi da shi, kuma masu addini sun fi haihuwa. Tsakanin 2010 da 2015 Pew ta ƙiyasta 'ya'ya 3.1 ga kowace Musulma, 2.7 ga Kirista, 1.7 ga marar addini. Shi ya sa doka ba ta iya tumɓuke shi. A 1967 gwamnatin Enver Hoxha ta rufe duk masallatai da majami'un Albaniya, amma ana ta ibada a ɓoye cikin gidaje, kuma da aka ɗage haramcin a 1990 jama'a suka koma suka buɗe su.